Kwana Uku Ina Bin Inuwar Farantan Sola a Kudancin Jamus

Gardama ce ta fitar da mu daga gida. Yayana injiniyan lantarki ne, ya daɗe da zama a Jamus, ni kuwa aikin gona na karanta, a kansa nake ci nake sha. Na sauka wurinsa a Freiburg a ƙarshen watan Yuli, kuma tun daren farko ya ɗauko zancen gonakin da ake noma a ƙarƙashin farantan sola. Ban bari ya dire ba. Na ce, "Yaya, taura biyu ba ta taunuwa. Shuka rana take ci, faranti ma rana yake ci. Duk abin da ka ba wannan, daga bakin wancan ka cire."

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, gani ya kori ji. Wuri uku zan kai ka, duk a nan kudu suke. In mun dawo sai ka maimaita min wannan magana."

Da dalilin da ya sa na ɗauki zancen da zafi. Babu abin da ke ci min rai kamar in ga ƙasa mai kyau, wadda aka yi shekaru ana ba ta taki ana lallaɓa ta, an zagaye ta da waya an shimfiɗa mata farantai dab da ƙasa, garma ba za ta sake shiga ba har shekara 20 ko 30. Ina son wutar rana, na san duniya na bukatarta, amma ƙasar noma ba a ƙera ta a masana'anta. Don haka duk wanda ya ce min ya samo hanyar haɗa biyun, sai na fara zargin ko sabon suna kawai aka yi wa tsohuwar ƙwace.

Da safe, kafin mu kama hanyar tashar jirgin ƙasa, ya bi da ni ta gaban cibiyar Fraunhofer ISE, wadda ita ce mafi girma a Turai wajen binciken makamashin rana. Ba mu shiga ba. Daga bakin titi ya ba ni labarin Adolf Goetzberger, masanin da ya kafa ta a 1981. A wannan shekarar ne shi da abokin aikinsa Armin Zastrow suka rubuta maƙala a wata mujallar Jamusanci, inda suka ce a ɗaga farantai sama da ƙasa kamar mita 2, a buɗa tsakanin layukansu, a noma dankali a ƙasa. A lokacin faranti ɗaya tsadarsa ta fi ƙarfin manomi nesa ba kusa ba, sai maganar ta kwanta a takarda. Sai da aka yi shekara 35 kafin cibiyar da ya kafa ta gina gonar gwajin da za mu gani a rana ta biyu. Goetzberger ya rasu a 2023, ya ga abin da idonsa.

Jirgin da ya ɗauke mu daga Freiburg ya bi ta wani kwari da Jamusawa ke kira Höllental, wato Kwarin Jahannama, a cikin dajin Schwarzwald. Sunan ne kawai mai ban tsoro. Duwatsu ne suka matse hanyar hagu da dama, jirgin na hawa yana shiga rami yana fita, dogayen itatuwa sun yi duhu har ƙasa. Bayan tafkin Titisee dajin ya fara sakin jiki, muka fito wani tudu mai faɗi mai iska, inda garin Donaueschingen yake. A nan ne ƙoramu biyu, Brigach da Breg, suke haɗuwa su zama kogin Danube, wanda ke ratsa ƙasashe 10 kafin ya faɗa Baƙin Teku. Mun leƙa maɓuɓɓugar da ke kusa da fadar garin na 'yan mintuna, muka wuce, don ba ita ta kawo mu ba.

A wajen garin, kusa da ƙauyen Aasen, na ga abin da ban taɓa gani ba: farantan sola a tsaye cak, kamar danga. Ba su kishingiɗa suna kallon sama ba. Layi-layi suke, sun miƙe daga kudu zuwa arewa, faranti biyu wani a kan wani, tsakanin layi da layi kamar mita 10 na ciyawa. Kamfanin Next2Sun ne ya gina wurin, aka buɗe shi a 2020, a kan hekta 14, da ƙarfin megawat 4.1. Farantan masu fuska biyu ne. Fuskar gabas tana shan ranar safe, ta yamma tana shan ta la'asar.

Mun isa gab da tsakar rana, inuwar kowane layi ta tsuke ta zama siririya kamar zare a gindinsa. Na ce wa Yaya ai yanzu da rana ta fi ƙarfi su kuma sun ba ta gefe, wannan ba asara ba ce? Ya ce da gangan ne. Da tsakar rana duk farantan ƙasar nan da ke kallon kudu suna zubo wuta lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Waɗannan kuwa suna kawo tasu da safe da yamma, lokacin da mutane ke tashi ko suke dawowa gida, wutar tana da daraja. Ni abin da ya ja hankalina daban ne: ƙafar ƙarfen ba ta ci ƙasa ba sai ɗan ziri, ruwan sama yana sauka ko'ina daidai, kuma injin yankan ciyawa zai bi tsakanin layuka ba tare da ya sunkuya wa komai ba. An riga an yi yanka, ƙamshin busasshiyar ciyawa na tashi.

Amma ban sallama ba. Na ce, "Yaya, wannan ai ciyawa ce. Ciyawa ba ta da fushi, ko ka rage mata rana za ta fito. Kai ni inda ake noma abin da mutum zai sa a baki." Ya ce gobe.

Washegari muka gangara ta Singen da Radolfzell zuwa Überlingen a bakin tafkin Bodensee, wanda Jamus da Ostiriya da Suwizalan suka sa a tsakiya. Daga nan muka ɗauki hayar mota muka hau tuddan da ke arewa da tafkin. Hanyar ƙarama ce, tana lanƙwasa tsakanin gonakin alkama da suka yi ja suna jiran girbi. Heggelbach, inda muka nufa, ba gari ba ne, gona ce da wasu iyalai suka haɗu suna noma tare, ba takin zamani ba maganin feshi na sinadari, da shanunsu da wurin sarrafa madara. Tun daga nesa na hango ta a gangaren tudu: wata doguwar rumfar ƙarfe, ba bango, ba ƙofa, a tsakiyar shuka.

Sai da na tsaya a ƙarƙashinta na gane girmanta. Daga ƙasa zuwa inda ƙarfe ya gitta mita 5 ne. Ba don ado aka kai ta can ba, tsayin injin girbin alkama aka auna. Faɗin da ke tsakanin ginshiƙai ma da faɗin injinan gonar aka daidaita shi. Wannan ne abu na farko da ya sassauta min zuciya, domin na ga alamar cewa wanda ya zana rumfar ya fara tambayar manomi kafin ya ɗauki fensir. An kafa ta a 2016 a kan kashi ɗaya cikin uku na hekta, farantai 720 masu fuska biyu, ƙarfinsu kilowat 194. Babu siminti a gindin ginshiƙan. Wasu sandunan ƙarfe ne aka murɗa cikin ƙasa suka bazu kamar saiwar itace, ranar da aka gama da rumfar a warware su a fitar, ƙasa ta koma yadda take.

Na yi tsammanin duhu zan tarar. Abin da na tarar ratsi-ratsi ne, zirin inuwa, zirin rana, kamar an shimfiɗa saƙi a kan kunyoyin dankali. Layukan farantan a buɗe suke sosai, kuma ba kudu sak suke kallo ba, an karkata su kudu maso yamma, don kada wata kunya ta wuni a inuwa wata ta wuni a rana. Na zaɓi gindin dankali ɗaya a bakin gonar na zauna kusa da shi, Yaya ya tafi duba inda inbata take, wato na'urar da ke mai da wutar farantai irin wadda ake amfani da ita a gida. Lokacin da na zauna rana na dukansa. Ina kallo inuwa ta taho a hankali ta hau ganyen farko, ta rufe shi duka, ta daɗe, sannan ta zame ta koma kan maƙwabcinsa. Ba a hana shi rana ba, hutu ake ba shi lokaci-lokaci.

A nan ne wani darasi da na sani tun ina ɗalibi ya dawo min, wanda ban taɓa haɗa shi da sola ba. Ganye yana da iyakar hasken da zai iya sarrafawa ya mai da shi abinci. In haske ya wuce wannan iyaka, ragowar zafi ne kawai. Kuma in zafi ya yi yawa ƙasa ta bushe, ganyen yakan rufe 'yan hudojin da yake numfashi da su don ya tsare ruwan jikinsa, da ya rufe su kuwa aikin haɗa abinci ya tsaya. Wato akwai sa'o'in da shuka ke tsaye a rana ba ta cin komai, wahala kawai take sha. Hasken waɗannan sa'o'in shi ne rabon da faranti zai ɗauka ba tare da ya shiga haƙƙin kowa ba. Ba kowace shuka ce haka ba. Masara da rake, alal misali, kusan duk hasken da ka ba su za su lashe, su kam inuwa ragi ce. Amma dankali da kayan ganye da yawancin kayan lambu suna ƙoshi da wuri.

Na tura yatsu cikin kunya a ƙarƙashin rumfar, sannan na taka zuwa filin da ke gefe, wanda ba rumfa a kansa, na yi haka. Ta ƙarƙashin rumfa ta fi sanyi a hannu, ta fi kama jikinta. Na kuma ga abin da bai yi min daɗi ba. Daidai inda gefen farantai yake a sama, akwai wani layi a ƙasa da ruwan sama ya daddake, kamar inda indararo ke zuba. Ruwan da ya kamata ya bazu a wuri mai faɗi ya taru ya sauka a layi guda, yana iya tone ƙasa ko ya kwantar da ƙaramar shuka. A tsakanin ginshiƙai kuma akwai zirin da garma ba ta kaiwa, ciyawa ta samu wurin zama. Muna nan tarakta ta shigo. Na lura direban ya rage gudu da ya zo kusa da ginshiƙi, yana waiwaye yana duba abin da yake ja. Duk waɗannan kuɗi ne da lokaci, kuma manomi ne ke biya.

Da Yaya ya dawo muka zauna a bakin hanya ya buɗe min alƙaluman da masu binciken suka fitar. Jami'ar Hohenheim ce ta auna amfanin gonar. Abu huɗu aka shuka a ƙarƙashin rumfar da kuma filin gefe don a gwada: alkama, dankali, wani nau'in seleri da ake cin saiwarsa, da ciyawar dabbobi. Hasken da ke isa ƙasa a ƙarƙashin rumfar ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A 2017 alkama da dankali da seleri duk sun ragu da kashi 18 zuwa 19, ciyawar kuwa da kusan kashi 5. Na ce, "To ka gani, Yaya. Kusan buhu ɗaya cikin biyar ya tafi." Ya ce in duba shekarar da ta biyo baya.

Shekarar 2018 ta zo wa Jamus da zafi da fari irin wanda aka daɗe ba a gani ba. A wannan shekarar lissafin ya juya. Seleri na ƙarƙashin rumfa ya fi na fili da kashi 12, dankali da kashi 11, alkama da kusan kashi 3. Ciyawar ce kawai ta ragu, da kashi 8. Na daɗe ina kallon layukan nan biyu. Manomi ba ya rayuwa da shekara ɗaya. Abin da ke karya shi ba ƙaramin ragi a shekara mai albarka ba ne, muguwar shekara ce da ke zuwa ta share komai. Rumfar nan tana karɓar wani abu daga hannunsa lokacin da yake da shi, ta mayar masa lokacin da ya fi bukata, kuma a duk shekarun biyu wuta na fita. Da na san cewa masu binciken ba su ɓoye asarar 2017 ba, sai na fi yarda da ribar 2018.

Yadda suke auna amfanin haɗin ma mai sauƙi ne. A ce kana da hekta biyu, ɗaya alkama zalla, ɗaya farantai zalla. In ka haɗa su, kowace hekta ta ba ka kamar kashi 80 na alkamar da kashi 80 na wutar, ka samu 160 a inda da 100 za ka samu. Haka lissafin 2017 ya fito. A 2018 kuwa, bayan an cire zirin ƙasar da ginshiƙai suka ci, dankali ya tsaya a 103, wuta a 83, jimla 186. Wutar da rumfar ke bayarwa a shekara za ta ishi gidaje 62 masu mutum huɗu-huɗu. Gonar da kanta ta sha kusan kashi 40 a shekarar farko, wajen tatsar madara da sanyaya kaya da sauran ayyuka, da aka ƙara mata batir kuma rabon ya haura zuwa kusan kashi 70.

A masaukinmu da daddare Yaya ne ya koma mai kawo cikas, don shi ma ba ya son a sayar wa mutane abu da ƙarin gishiri. Ya ce ƙarfen da ake bukata don a ɗaga faranti mita 5, ya jure iska da nauyin dusar ƙanƙara, ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa wutar irin wannan rumfa ta fi ta farantan ƙasa tsada, kuma shi ya sa ba ka ganinta a kan kowace gonar alkama. Ni kuma na kawo abin da ya fi damuna, wato wa ke cin ribar. Kusan kashi 60 na ƙasar noma a Jamus haya ce. Kamfanin wuta na iya biyan mai ƙasa ninkin-ba-ninkin abin da manomi ɗan haya zai iya biya. In ba a yi hattara ba, mai ƙasa da kamfani su shirya, a bar manomi da inuwa da ginshiƙai. Akwai kuma wanda zai shuka abu don ido kawai, don a ba shi izinin kafa farantai a ƙasar da doka ta keɓe wa noma, da izini ya fito ya bar shukar ta mutu.

Ƙasashen da suka yi nisa a harkar sun ga wannan, kowace ta ja nata layin. A Japan, inda injiniya Akira Nagashima ya fara gwaje-gwajensa a farkon shekarun 2000, gwamnati ta ba da dama a 2013 bisa sharaɗin amfanin gonar kada ya gaza kashi 80 na abin da ake samu a yankin, kuma a 2024 ta ƙara tsaurara bin doka saboda masu wasa da noman. Ƙa'idar da Jamus ta fitar a 2021 ta ce kashi 66. Faransa a 2024 ta ce kashi 90, kuma a manyan ayyuka kada farantai su rufe fiye da kashi 40 na filin. Na gwada alkamar Heggelbach ta 2017 da waɗannan ma'aunai: a na Jamus ta wuce cikin sauƙi, a na Japan tana bakin layi, a na Faransa ba ta kai ba. A ganina 66 ya yi sassauci. Wanda ya yarda ya rasa kashi ɗaya cikin uku na amfanin gonarsa kowace shekara, zuciyarsa ta riga ta koma kan mitar wuta. Amma kuma auna shekara ɗaya tak zalunci ne ga tsarin da amfaninsa ke fitowa a shekarar fari. Yaya ya ce wannan gardamar ko su masu dokar ba su gama ta ba.

Na tambaye shi, in a ƙasa mai sanyi da gajimare irin wannan sai an jira shekarar fari kafin inuwa ta yi rana, yaya inda fari da zafi su ne kullum? A nan ne ya gyara zama. A hamadar Arizona ta Amurka, Greg Barron-Gafford da abokan aikinsa na Jami'ar Arizona sun wallafa sakamakon gwajinsu a 2019: wani ƙaramin barkono ya ba da ninki uku a ƙarƙashin farantai, ƙananan tumatir ninki biyu. Farantan ma sun amfana. A digiri 25 ake auna ƙarfin faranti, duk digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa yana rage masa kashi 0.3 zuwa 0.4 na aikinsa. Danshin da ganye ke fitarwa ya sanyaya farantan Arizona da kusan digiri 9 da rana. A Isinya ta yankin Kajiado a Kenya kuma, inda Jami'ar Sheffield da abokan hulɗarta suka buɗe gonar gwaji a 2022, an ɗaga farantan mita 3, aka sa musu indararo yana tara ruwan sama a tanki, kabejin da ke ƙarƙashi ya fi na fili girma. Wato layin nan da ruwa ya daddake a Heggelbach, wanda na gani a matsayin aibi, can sun tare shi sun mai da shi ruwan ban-ruwa. Na kwana ina juya wannan a raina.

Rana ta uku muka bi jirgin da ke bin gaɓar tafkin ta Friedrichshafen zuwa Kressbronn. Duk yankin gonakin tuffa ne, kuma kusan kowace gona an lulluɓe ta da raga, baƙa ko fara, an ɗaure a kan turaku. Ƙanƙara ce abokiyar gabar masu tuffa. Ruwan ƙanƙara na minti goma ya isa ya farfasa 'ya'yan shekara guda, wanda bai fashe ba ma tabo ya hana shi shiga kasuwa. Saboda haka manomin nan ya riga ya saba sayen inuwa da kuɗinsa, ya kafa turaku, ya ja raga, bayan wasu shekaru ta tsufa ya sake wata.

Gonar da muka je gani tana cikin waɗanda jihar Baden-Württemberg ke tallafa wa don gwaji. A 2022 aka kafa farantai a kan itatuwan tuffa da suka riga suka girma, a fili da bai kai rabin hekta ba. Rumfar ba ta kai ta Heggelbach tsayi ba, kuma farantan daban ne. Gilashi ne da aka jera ƙwayoyin sola a cikinsa da tazara, haske na ratsowa ta tsakani, sai ka ga inuwar a kan ganye ɗigo-ɗigo kamar zanen dara. Kowane layin farantai yana bisa layin itatuwa, tsakanin layuka a buɗe, inda ƙaramar tarakta ke bi. A nan babu zancen ginshiƙi ya ci ƙasa, domin dama a layin itatuwa turaku suke tsayawa. Faranti ya hau gurbin raga ne kawai, raga kuwa ba ta taɓa kawo wa kowa wuta ba.

Muna tsaye hadari ya taso daga wajen tsaunukan da ke hayin tafkin. Iska ta fara kaɗa ragar maƙwabta, sai ruwa ya sauko, ba ƙanƙara, ruwa ne mai ƙarfi. Muka matsa ƙarƙashin gefen rumfar. A kanmu gilashi na ƙara, ruwa na gangarowa yana zuba a tsakanin layuka, inda ciyawa take, saiwoyi kuma za su same shi daga can. Na duba gonar da ke gefe, ragarta ta jiƙe sharkaf, ruwa na ratsa ta yana wanke kowane ganye. Babbar cutar tuffa, wadda ke sa baƙin tabo a ganye da 'ya'ya, sai ganye ya jima a jiƙe take kama shi, shi ya sa masu tuffa ke yawan feshi duk bayan ruwa. Ganyen da bai jiƙe ba, ba ya bukatar yawancin wannan feshin. Na miƙa hannu na shafa wani ganye a tsakiyar itacen da ke gabana. A bushe yake, har da 'yar ƙura.

Yaya ya ɗaga murya don ƙarar ruwan, ya ce, "Auta, maimaita min maganar taura."

Na ce, "A kan masara ina nan kan bakana, Yaya. A kan alkama sai na ga shekara goma a jere, masu ruwa da marasa ruwa, kuma sai na ga takardar da manomi ya sa wa hannu. Tuffa kam na sallama."

Ya ce goma ta yi yawa, bakwai ta isa. Muka ci gaba da ja a kan wannan har ruwan ya tsagaita, muka fito muka bi ta cikin taɓo zuwa tasha, ƙafar wandona a jiƙe, ganyen da na tsinka yana aljihun rigata a bushe.